Injin Pinball Mai Kwaikwayon Wasan Ƙwallon Kwando

Pinball injin wasa ne mai siffar teburi, samansa rufe da gilashi, an ɗan karkata shi wajen mai wasa. Ƙwallon ƙarfe ake harbawa ciki, nauyinta kusan giram 80. Da yake teburin gangare ne, kullum ƙasa take nufa, sai mai wasa ya riƙa mayar da ita sama da 'yan sanduna biyu masu motsi idan an danna maɓallan gefe. Kamfanin Gottlieb na Shikago a Amurka ne ya fara saka sandunan a 1947.

Cikin masu kwaikwayon wasan ƙwallon kwando akwai Harlem Globetrotters On Tour na kamfanin Bally, na 1979. Amma wanda ya fi kwaikwayon wasan da kyau shi ne NBA Fastbreak, wanda George Gomez ya tsara, Bally ya fitar a 1997. Mai wasa kan zaɓi ƙungiyarsa ta NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Can saman teburin akwai ƙaramin kwando da ramuka a gabansa. Ƙwallo na faɗawa rami sai a cilla ta raga, wani ɗan mutum-mutumi kuma yana kai-komo don ya tare. Maki ma ba miliyoyi ake ba da su ba, irin ƙirgen filin ƙwallon kwando ake yi. Ana iya haɗa injuna biyu su kara.

An yarda a ɗan girgiza teburin, amma idan girgizar ta yi yawa sandunan kan mutu, ƙwallon ta zube.