Zirin Auzu: Tsakanin Bindiga da Takardar 1955

Duk lokacin da muka buɗe layin waya a shirinmu aka zo kan batun yaƙi, da wuya a tashi ba a samu mai sauraron da zai ce dokar ƙasa da ƙasa tatsuniya ce ba, mai ƙarfi shi ne mai gaskiya. Ba na ganin laifinsu. Wanda ya ga yadda aka auka wa Iraƙi a 2003 ba tare da izinin Kwamitin Sulhu ba yana da hujjar faɗin haka. Amma akwai wani labari a nan maƙwabtanmu, tsakanin Chadi da Libiya, wanda ya hana ni karɓar wannan magana ɗungurungum. Shi ne labarin zirin Auzu.

Auzu wani ɗan ƙaramin gari ne mai dabino a duwatsun Tibesti, ƙasar Tubawa. Sunansa aka ba wa dogon zirin hamadar da ya bi iyakar arewacin Chadi, mai faɗin kusan kilomita 100, girmansa kuwa kimanin murabba'in kilomita 114,000. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa akwai yuraniyom kwance a ƙarƙashinsa. A 1973 sojojin Libiya suka shiga suka zauna, suka shekara ashirin da ɗaya ba su fita ba.

A rubuce dai doka ba ta da ruɗani a kan wannan. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, a sashe na 2 sakin layi na 4, ya haramta wa kowace ƙasa amfani da ƙarfin soja, ko barazanar yin haka, a kan yankin wata ƙasa. Ƙofa biyu kawai ya bari a buɗe: kare kai idan an kawo maka hari, kamar yadda sashe na 51 ya tanada, da kuma izinin Kwamitin Sulhu. Ban da wannan, shugabannin Afirka sun zauna a Alƙahira a 1964 sun yi alkawarin mutunta iyakokin da suka tarar ranar samun 'yanci. Sai dai Gaddafi bai taɓa cewa ya ci ƙasar wani ba. Cewa ya yi ƙasarsa ce ya shiga. Abin da aka fi jinginawa da shi a lokacin shi ne yarjejeniyar da Laval na Faransa da Musolini na Italiya suka sa wa hannu a Rum a Janairun 1935, wadda ta miƙa zirin ga Italiya mai mulkin Libiya. Matsalarta ɗaya: ba a taɓa musayar takardun tabbatar da ita ba, kuma Italiya da kanta ta yi watsi da ita a 1938.

Chadi ta kai kuka Kwamitin Sulhu a 1978, ta sake kaiwa a 1983. Babu wani ƙuduri da ya fito yana umartar Libiya ta tattara ta fita. A nan kam masu sauraron nan nawa sun yi gaskiya.

Inda abin ya fi cakuɗewa shi ne yaƙin basasar Chadi kanta, don a nan ne doka ke da wata ɓaraka da kowa ya bi ta ciki. An hana ka shiga gidan mutum da makami, amma ba a hana mai gida ya kira ka ka taimake shi ba. To wane ne mai gidan? Bayan zaman sulhu a Kano da Legas a 1979, an kafa gwamnatin riƙon ƙwarya, Gukuni Waddai yana shugaba, Hissen Habre yana ministan tsaro. Ba a jima ba suka juya wa juna bindiga a Njamena. Gukuni ya kira Libiya, tankokinta suka ƙetare hamada suka kori Habre a Disambar 1980. Wata ɗaya bayan haka aka ji sanarwa daga Tarabulus cewa ƙasashen biyu za su haɗe su zama ɗaya. Hankalin maƙwabta ya tashi, musamman Najeriya. Da matsin ya yi yawa Gukuni ya ce wa baƙin nasa su tafi, suka janye a Nuwambar 1981, amma ban da Auzu. Rundunar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda ta ƙunshi sojojin Najeriya da Senegal da Zayar, ta maye gurbinsu, tana kallo Habre ya kama Njamena ranar 7 ga Yunin 1982.

Yanzu sai reshe ya juye da mujiya. Habre ke zaune a fada, shi ya kira Faransa a 1983. Gukuni yana arewa yana cewa har yanzu shi ne halattaccen shugaba, Libiya kuma tana cewa shi take taimako. Rundunonin waje biyu a ƙasa ɗaya, kowacce na riƙe da takardar gayyata. Ko taron shugabannin Afirka da aka shirya a Tarabulus a Nuwambar 1982 watsewa ya yi a kan wane ne zai zauna a kujerar Chadi. Ni a ganina wannan ƙofa ta gayyata ta fi kowace ɓarna a nahiyarmu, domin duk wanda ya kama gidan rediyo da filin jirgin sama na babban birni yana iya rubuta irin wannan takarda kafin gari ya waye.

Faransa ta zo da dabararta. Ba ta zo don ta kori Libiya ba, ta zo ne don kada Njamena ta faɗi. Ta ja layi a taswira, da farko layi na 15, daga baya na 16, ta ce wanda ya ƙetaro zai gamu da jiragenta. A 1984 aka yi yarjejeniya kowa ya janye. Faransa ta kwashe sojojinta, Gaddafi ya bar nasa, har ya gina babban sansanin jiragen sama a Wadi Dum. Da aka sake ƙetaro layin a Fabrairun 1986, jiragen Faransa suka je suka yi wa titin saukar jiragen sansanin ruwan bama-bamai.

Sai 1987, shekarar da ake kira yaƙin Toyota. Abu biyu ne suka sauya lissafi. Na farko, yawancin mayaƙan Gukuni sun ɓata da Libiya sun koma ɓangaren gwamnati, don haka Gaddafi ya rasa mutanen da suka san hanya da rijiyoyi, ya kuma rasa hujjar cewa 'yan ƙasa yake taimako. Na biyu, Faransa ta ba Chadi motocin a-kori-kura kusan 400 da makamai masu linzami na fasa tanka, Amurka ma ta kawo nata gudummawar. A ƙarƙashin kwamanda Hassan Jamus, waɗannan motoci marasa sulke suka riƙa shiga tsakanin tankoki a guje daga kowace kusurwa, irin yadda mahaya raƙuma ke kai farmaki tun kaka da kakanni. Fada ta faɗi ranar 2 ga Janairu. Wadi Dum ta faɗi a watan Maris, a cikin waɗanda aka kama kuwa har da Kanar Khalifa Haftar, wannan dai da muke karanta sunansa a labaran Libiya har yau. Kafin watan ya ƙare Libiya ta fice daga Faya.

Auzu kaɗai ya rage, kuma a nan ne Faransa ta ja birki. Shugaba Mitterrand ya ce rigimar zirin ta masu sasantawa ce, jiragensa ba za su raka kowa can ba. Habre bai saurara ba. Ranar 8 ga Agusta dakarunsa suka kama garin Auzu. Kwana ashirin suka yi. Babu jirgi ko ɗaya da ke kare su daga sama, Libiya ta yi ta luguden wuta, ta ƙwace garin ranar 28 ga wata. Chadi ta rama ranar 5 ga Satumba da farmaki kan sansanin Ma'atan as-Sarra, can cikin ƙasar Libiya wadda babu mai jayayya a kanta. Shin wannan kare kai ne? Daga sansanin ake tashi ana jefa wa arewacin Chadi bama-bamai, kuma maharan sun ragargaza shi sun juyo ba su zauna ba, saboda haka ni ina ganin yana cikin hurumin sashe na 51. Faransa dai ba ta ji daɗinsa ba. Ranar 11 ga Satumba aka tsagaita wuta da sa bakin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, zirin yana nan a hannun Libiya.

Wato rundunar da ta kori tankoki daga kusan rabin ƙasarta cikin wata uku ta kasa riƙe gari ɗaya. Libiya ma ta gane cewa ba za ta sake wuce Auzu ta yo kudu ba. Sai da kowa ya ga iyakar ƙarfinsa sannan aka tuna da kotu. A Aljiyas, ranar 31 ga Agustan 1989, suka amince su ba siyasa shekara ɗaya, in ta gaza su je Kotun Duniya da ke birnin Heg. Ta gaza, suka je a 1990. A Disambar wannan shekara Idris Debi ya kifar da Habre, kuma duk da cewa yana ɗasawa da Tarabulus, bai janye ƙarar ba.

A gaban alƙalai Libiya ba ta dogara da yarjejeniyar 1935 a matsayin mai aiki ba. Cewa ta yi ba a taɓa shata iyaka a wurin ba sam, kuma ita ce magajiyar ɗarikar Sanusiyya da Daular Usmaniyya da Italiya, har ta nemi yankin da ya zarce zirin nesa ta kudu. Chadi ta fito da takarda ɗaya: yarjejeniyar abota da kyakkyawar maƙwabtaka da Faransa ta ƙulla da gwamnatin Sarki Idris ranar 10 ga Agustan 1955, wadda ta shafi iyakokin Libiya da Nijar da Aljeriya ma. Sashe na 3 nata ya ce iyakokin su ne waɗanda ke cikin jerin tsofaffin yarjeniyoyin da aka lissafa a rataye. A jerin akwai na Faransa da Ingila na 1899 da 1919. Babu na 1935. Libiya ta ce a lokacin jaririyar ƙasa ce, ba ta da ƙwararrun da za su ja da Faransa, amma ba ta kai ga cewa yarjejeniyar ɓatacciya ce ba. An kuma lura cewa wa'adin shekara ashirin aka ɗiba mata. Kotu ta ce iyaka in an shata ta, takan ci gaba da zama ko da takardar da ta haife ta ta mutu. Ranar 3 ga Fabrairun 1994 alƙalai 16 suka ba Chadi gaskiya, ɗaya ya saɓa. Cikin masu rinjayen har da Bola Ajibola na Najeriya, wanda ya rubuta nasa bayanin daban.

Akwai ɗaci a cikin wannan nasara, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. Layin da ya ceci Chadi Turawa ne suka zana shi a Landan da Faris, ba su tambayi Batube ko ɗaya ba, kotun ma ba ta tambaye su ba. Har gobe dangi ɗaya ne ke zaune a ɓangarorin biyu na layin.

Me ya sa Gaddafi ya bi hukuncin, alhali kotun ba ta da soja ko ɗan sanda? Ya riga ya ɗanɗana abin da ke jiransa a kudu. Tarayyar Sobiyet da ke sayar masa da makamai ta rushe a 1991. Tun 1992 yana cikin takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya saboda jirgin Lokabi, yana neman abokai a Afirka ruwa a jallo. Hukuncin ya ba shi hanyar fita ba tare da an ce Habre ko Debi ne ya kore shi ba. Ranar 4 ga Afrilu aka sa hannu a Sirt kan yadda za a janye. Kwamitin Sulhu, da ƙuduri mai lamba 915, ya tura sojojin sa ido guda tara kacal. Ranar 30 ga Mayun 1994 ƙasashen biyu suka sanar tare cewa sojan Libiya na ƙarshe ya bar zirin, aka bar wa mazauna wurin nakiyoyin da aka binne a hanyoyinsu.

Habre bai ga wannan rana a Njamena ba, yana gudun hijira a Dakar. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ta ƙiyasta cewa mutum 40,000 ne suka mutu a hannun gwamnatinsa, da yawa a gidajen kurkukun 'yan sandansa na ciki, a daidai shekarun da ake yi masa kirarin gwarzon da ya karya Gaddafi. Wata kotu ta musamman a Senegal ta yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayun 2016.