Janar Ibrahim na Rasha: Ina fuskarsa, ina garinsu?

Wanda ya tsaya a gadar Wudil ranar Juma'a zai ga manyan motoci sun ɗau hanyar gabas, sun nufi Maiduguri. Idan direba ya zarce Gamborun Ngala ya tsallaka Kamaru har Kusiri, kudu da nan kaɗan akwai tsohon birnin Kotoko da ake kira Logone-Birni. Can bakin zaren wata tsohuwar taƙaddama ta gidajen tarihin Rasha ya ɓulla.

Shekara da shekaru littattafai suna buga wani zane: janar cikin kakin soja, ƙirji cike da lambobin yabo, fuska da duhu-duhu. A ƙarƙashi a rubuta Abram Gannibal, wato Ibrahim, yaron nan baƙar fata da aka sato daga Afirka, aka sayar a Istanbul, aka kai Mosko a 1704. Sarki Bitrus Mai Girma ya riƙe shi kamar ɗa, ya tura shi Faransa koyon aikin injiniyan soja. Ya kai babban janar, ya rasu a 1781. Babban mawaƙin Rasha, Aleksandar Pushkin, tattaɓa-kunnensa ne.

Kowa ya karɓi zanen hannu bibbiyu, don ana neman baƙin janar, ga kuma fuska mai duhu. Lambobin ƙirji ne suka tona asiri. Lambar yabo ba rigar aro ba ce: kowacce da sunanta, da ranar bayar da ita, da rajistar waɗanda suka samu. Da masana suka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai suka tarar ba su dace da na Ibrahim ba. Mai su Janar Iban Meller-Zakomelski ne, Bature jar fata, jagoran dakarun igwa, wanda ya rasu a 1790. Duhun fuskar kuwa fenti ne ya tsufa. Har yau babu wani zane da aka tabbatar na Ibrahim ne.

Ba wai masu zane ba su ga baƙaƙen yara a fadar Rasha ba. A Gidan Tarihin Rasha da ke San Fitasbag akwai mutum-mutumin tagulla da Rastrelli ya kammala a 1741: Sarauniya Anna, ƙatuwa, cikin alkyabbar sarauta, gefenta ɗan ƙaramin yaro baƙi yana miƙa mata ƙwallon mulki. An ƙera kowane ado na rigarta, amma yaron ko suna ba a ba shi ba. Wannan ya fi ci mini rai fiye da kuskuren zanen.

Saura batun gari. A 1742 Ibrahim ya rubuta wa Sarauniya Elizabet takardar neman tambarin sarauta, ya ce an haife shi a garin Lagone, ƙasar mahaifinsa, wanda ke mulkin wasu garuruwa biyu bayan wannan. Bai ambaci Habasha ba, ƙasar da aka daɗe ana cewa daga can ya fito. Surukinsa ne ya shigo da ita cikin tarihin da ya rubuta da Jamusanci, sannan a 1899 masani Anuchin ya ɗora, domin a tunanin Turawan zamanin, jinin babban mawaƙinsu bai kamata ya fito daga tsakiyar ƙasar baƙar fata ba. A 1996 Dieudonné Gnammankou, masanin tarihi ɗan Jamhuriyar Benin, ya nuna Logone-Birni: birni mai ganuwa da sarki, a yankin Tafkin Chadi, inda a wancan zamani ayarin bayi ke tashi su ratsa Fezzan zuwa Tarabulus, daga nan jirgin ruwa sai Istanbul. Hanyar nan ba baƙuwa ba ce ga fataken Kano da Barno.

'Yan Habasha da Eritiriya ba su sallama ba tukuna. Ni dai hujjar Logone ta fi kwanta mini, don ita ce ta bi kalmar da mutumin ya rubuta da kansa. A 2010 aka kafa allon tunawa da shi a La Fère ta Faransa, inda ya yi karatu, kuma sarkin Logone-Birni yana cikin manyan baƙi.