Yadda Na'urori Suka Samu Sunan Yanka

Duk wanda ya taɓa juya ƙaramin akwatin Wi-Fi a wani shago a Gusau zai ga 'yar takarda manne a ƙasansa, ɗauke da haruffa da lambobi 12, a gabansu an rubuta MAC. Wannan shi ne sunan da na'urar ke amsawa idan tana hira da 'yan'uwanta, kuma tsarinsa ya girmi yawancin masu amfani da shi.

A shekarar 1973, a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, Robert Metcalfe da David Boggs suka ƙirƙiro Ethernet, wato dabarar da kwamfutoci da yawa za su yi tarayya a waya ɗaya. Saƙo a wannan waya kamar shelar sanƙira ne, kowa yana ji, don haka dole a ambaci sunan mai shi. Lambar farko gajera ce, ba ta wuce ta ishi na'urori 256 ba. A 1980 kamfanonin DEC da Intel da Xerox suka fitar da ƙa'ida ɗaya mai doguwar lamba, wadda za ta ishi na'urori sama da tiriliyan 281. Aka raba ta biyu: rabin farko na kamfanin da ya ƙera na'urar ne, rabi na biyu kuma kamfanin ke raba wa kayansa, sama da miliyan 16 a kowane kaso. Da farko Xerox ke riƙe da rajistar, daga baya ta koma hannun ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE.

A zamanin da, katin sadarwa daban yake, ana soka shi cikin kwamfuta, lambarsa kuma a ƙone take cikinsa tun daga masana'anta. Da ƙananan na'urori suka yawaita, irin su kyamarar tsaro da akwatin kallo da injin kula da wutar sola, sai aka haɗe sashen sadarwa da ƙwaƙwalwar na'urar a guntu ɗaya. Nan raɗa suna ya koma wuyan mai haɗa allon na'urar. Wasu kan ajiye lambar a wani ɗan ma'aji na musamman, wasu su rubuta ta cikin manhajar tayar da na'ura irin U-Boot, ita kuma ta miƙa wa babbar manhajar Linux. Allon Raspberry Pi, da ya fito a 2012, lambarsa ta fara da B8:27:EB, sauran kuma daga lambar ƙirar kowane allo aka ciro su.

Masu ƙera na'urori masu arha kuwa sukan tsallake wannan ɗawainiya. Na taɓa tsayawa a kan wani mai gyara a wani shagon buga takardu, yana fama da kyamarori biyu sababbi fil. Da ɗaya ta kawo hoto sai ɗayar ta ɗauke. Ya sauya waya, ya sauya caja, a banza. Sai da ya buɗe shafin akwatin Wi-Fi ya ga ashe takwarori ne, lamba ɗaya aka buga musu. Ya sake wa ɗaya suna da lamba mai farawa da 02, alamar da ƙa'ida ta ware don lambar da mutum ya ƙirƙira da kansa, nan take duka biyun suka kawo.

Yanzu kuma lamarin ya juya. Tunda lamba mai ɗorewa tana ba da damar bin sawun mutum, Apple ya fara ɓoye ta a 2014, Android 10 kuma a 2019 ya mayar da laƙabin wucin gadi abin yau da kullum. Shi ya sa mai sayar da Wi-Fi a Tsafe ko Bungudu, wanda ke tantance abokan cinikinsa da wannan lamba, kan duba lambar wayar salula ta asali, ya duba akwatinsa ya ga wata daban.