Kwazazzabon Genesee: Daga Hannun Seneca Zuwa Zangon Kowa

A yammacin jihar New York ta Amurka, kogin Genesee ya yanka dutse ya bar kwazazzabo mai zurfin da ya kai mita 170 a wasu wurare. Nan ne gandun shaƙatawa na Letchworth, mai tsawon kusan kilomita 27. Duk bazara iyalai kan cika shi da tantuna, suna gasa nama, suna tuƙa kwale-kwale, suna bin hanyoyin ƙafa a cikin daji. Sai dai ƙasar da suke yada zango a kanta ta sha sauya hannu kafin ta zama ta kowa.

Masu wurin na asali su ne ƙabilar Seneca, waɗanda ke kiransa Sehgahunda. A 1797, a yarjejeniyar Big Tree, suka rabu da mafi yawan ƙasarsu ta yammacin kogin a kan dala 100,000. Cikin abin da aka keɓe akwai eka kusan 18,000 ta Mary Jemison, Baturiyar da aka kama tana yarinya a 1758, Seneca suka raine ta, ta yi aure a cikinsu, ta kuma zaɓi zama da su har ƙarshen rayuwarta. Ita ma daga baya ta sayar, ta ƙaura, ta rasu a 1833.

Da Turawa suka shigo, sai gatari ya biyo su. Aka sare itatuwa, aka kafa injin yankan katako a bakin magangarar ruwa ta tsakiya, mai tsayin mita 33. A haka William Pryor Letchworth, wani attajirin birnin Buffalo mai sana'ar ƙarafa, ya hango wurin daga jirgin ƙasa. A 1859 ya fara sayen filin, ya gyara gidan da ya tarar a wurin ya sa masa suna Glen Iris, ya yi ta dashen itatuwa. A 1874 ya ɗauko gawar Mary Jemison ya sake binne ta a gandun nasa.

Barazana ta zo daga wani kamfani da ke son datse kogin don samar da lantarki. Letchworth ya san ranar da ya mutu ba mai tare musu hanya. Don haka a 1906 ya miƙa wa jihar kyautar eka 1,000, aka karɓa a 1907, ya rasu a 1910.

Amma kyautar attajiri ba ita ta mayar da wurin zangon talaka ba. Wannan aikin samari ne marasa aikin yi, waɗanda gwamnatin Shugaba Roosevelt ta ɗauka a shirin CCC daga 1933, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe. Albashinsu dala 30 a wata, 25 a aika gida. Su suka shimfiɗa hanyoyi, suka gina ɗakunan kwana na katako da teburan dutse da ake cin abinci a kai har yau.

Madatsar ruwa dai ta zo a 1952, amma can ƙasa a Mount Morris, don kare birnin Rochester daga ambaliya. A 1972 guguwar Agnes ta cika ta kusan baki, ta kuwa riƙe.

Yau gandun ya haura eka 14,000. Mai tanti ya biya kuɗin kwana ya shiga, magangaran ruwa uku na zuba kamar da. Jikokin Seneca kuwa, idan sun zo ganin kabarin Mary Jemison, ta ƙofar baƙi suke shigowa.