Daga Masdar zuwa Yaama

A 1986 wani Ba'amurke mai fafutukar kare muhalli, Jay Westerveld, ya yi rubutu kan otal-otal da ke roƙon baƙi su maimaita tawul wai don a ceci duniya, alhali kuɗin wanki suke ragewa. Daga nan aka sami sunan ɗabi'ar da za mu iya kira shafa wa kasuwanci koren fenti.

A harkar gini, birnin Masdar na Abu Dabi ya zama abin misali. A 2008 aka fara aikinsa bisa zanen kamfanin Norman Foster, da kasafin kusan dala biliyan 22. An yi alkawarin birni mai mazauna 50,000, ba hayaƙi, ba shara, ba motar fetur, kuma za a gama shi a 2016. Karyewar tattalin arzikin duniya ta taɓa aikin. Da wa'adin ya cika, ɗan yanki kaɗan aka gina, masu aikin kuma suka janye batun rashin hayaƙi gaba ɗaya. Ba mu ce komai ƙarya ne ba, don matsattsun lunguna da hasumiyar kama iska sun rage zafi da gaske. Sai dai kyan alkawari cikawa, kuma da kuɗin man fetur aka gina shi.

A shekarar 1986 ɗin nan dai, masallacin Juma'a na Yaama da ke jihar Tahoua a Nijar ya sami lambar yabo ta Aga Khan. Magini Falke Barmu ya fara shi a 1962 da ƙasar garin, jama'a suna kawo ruwa da itace, suna kwaɓa laka. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana, sai dare ta sake shi, don haka ba a bukatar na'urar sanyi. Bukatarta yaɓe ne bayan damina, abin da mutanen gari ke iyawa da hannunsu.

Mu kuwa mun juya wa tubali da azara baya, mun rungumi siminti, wanda sarrafa shi ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon a duniya. Muna kwana cikin ɗakin kwano muna jiran wuta. Idan gobe aka tallata mana unguwa mai koren suna, mu tambaya: daga ina kayan ginin suka zo, yaya ɗakin yake a watan Afrilu in an ɗauke wuta, kuma wa zai gyara shi bayan shekara 20?