Yaron Da Ya Zo Ba Kowa Nasa: Tarihin Riƙo a Ƙasar Kano

A ƙauyukan arewacin Kano, wajen Ungogo, Minjibir da Dawakin Tofa, gona tana manne da gona, gida yana hango gida. Baƙon yaro ba ya kwana biyu a irin wannan wuri ba a san da shi ba. Al'adar riƙo ta daɗe a nan: goggo ko kawu ya ɗauki ɗa, mai unguwa ya sani, iyaye su riƙa zuwa gani. Shaidu ne suka sa riƙo ya tsaya da ƙafarsa. Wahalar tana farawa sa'ad da yaro ya zo ba mai cewa ga ubansa, ga garinsu.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903. Dokar Lugga ta riga ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ba bawa ba. Amma yaran da aka ƙwace daga fataken bayi, da yawansu sun manta sunan ƙauyensu. Gwamnati ta buɗe musu gida a Zungeru, tana rubuta su a rajista, tana ba da waɗansu riƙo ga magidanta da 'yan mishan. A 1909 aka mai da yaran gidan hannun mishan ta SUM a Rumaisha, bakin kogin Binuwai. Rajistar ta iya nuna ranar da aka miƙa yaro. Abin da ya same shi bayan an rufe ƙofar mai riƙo, ko ɗa aka mai da shi ko bara, wannan sai wanda ya taka ya je ya duba.

Mu ma muna cikin labarin. Wajen 1937 mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da kutare a lardin Kano, aikin da ya zauna a Yadakunya. Bisa ilimin likita na lokacin, akan raba jariri da uwarsa kuturwa don kada ya kamu. An ceci rayuka, kuma waɗansu yaran da suka tashi a hannun mishan sun zama malaman asibiti da masu bishara. Ba za mu ɓoye ɗayan gefen ba: sarakuna da dangi Musulmi sun yi zargin cewa ana karɓar yara ne don a sauya musu addini. Inda ba a rubuta wanda ya miƙa yaro da abin da aka yarda a kai ba, mishan ba ta da abin kāre kanta. Wannan zargi bai mutu ba har yau, duk faston da ke aiki a Kano ya sani.

A Afrilu 2020, lokacin cutar korona, gwamnatin Kano ta kwashi ɗaruruwan almajirai a motoci zuwa Katsina, Jigawa da Kaduna. Kai su bakin iyaka aikin yini ɗaya ne. Neman iyayen kowane yaro, da tabbatar da cewa mai cewa shi kawunsa ne gaskiya yake faɗi, shi ya ci makonni, har ma'aikatan jin daɗin jama'a da UNICEF suka shiga.

Saboda haka idan yaro ya faɗo hannun ikkilisiya, ko rikici ya koro shi ko yunwa daga Nijar, kada fasto ya ajiye shi a gidansa shiru don tausayi. A kai maganar wurin mai unguwa da dagaci, a sanar da 'yan sanda da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, a rubuta sunan da ya zo da shi, ba a canza masa ba. Dattawa su binciki gidan da zai riƙe shi kafin a miƙa. Sa'an nan zumuntar mata ta naɗa mutum biyu masu zuwa kowane wata, su ga inda yake kwana, su yi magana da shi ba a gaban mai riƙon ba. A Fitowa sura 2, yayar Musa ta tsaya daga nesa tana kallon kwandon, ita ce kuma ta san inda za a samo uwarsa.