Labarin Tsohon Piyano: Kayan Jikinsa, Da Darajarsa, Da Kiyaye Shi

A cikin kayan kiɗan Turawa da wuya a sami wanda ya kai piyano yawan kayan ciki. Watakila waɗansunku sun taɓa ganinsa a makaranta ko a majami'a: wani babban akwatin katako, ga maɓallai farare da baƙaƙe jere a gabansa kamar haƙora. Yau so mu ke mu bi asalinsa, mu ga abubuwan da aka harhaɗa aka yi shi, gama wanda bai san kayan jikin tsohon piyano ba, ba zai san darajarsa ba, balle ya iya kiyaye shi.

Wanda ya ƙago shi wani gwanin masassaƙi ne na ƙasar Italiya, ana ce da shi Bartolomeo Cristofori. An haife shi a 1655, ya yi aiki a birnin Fulorens wajen wani ɗan sarki na gidan Medici, ya mutu a 1731. A zamaninsa akwai wani abin kiɗa mai maɓallai wanda a ke kira hafsikod. Shi wannan, in ka danna maɓalli sai wani ɗan tsinke na gashin tsuntsu ya fizgi tsirkiya, kamar yadda mai garaya ke yi. Aibinsa guda: ko ka danna da ƙarfi, ko ka danna a hankali, amon kusan ɗaya ne. Sai Cristofori ya yi dabara, ya sa 'yar guduma ta bugi tsirkiyar ta komo baya nan da nan. Ta haka makaɗi ya sami ikon sassauta amo ko ya ɗaga shi da yatsa kaɗai. Daga nan sunan ya fito, don da harshensu piyano shi ne a hankali. A cikin lissafin kayan gidan Medici na 1700 aka fara ambatonsa.

Guda uku ne su ka rage daga cikin waɗanda ya yi da hannunsa. Na 1720 yana Niyu Yok, na 1722 yana Roma, na 1726 yana Laifzig ta ƙasar Jamus. Ku riƙe su a zuci, za mu komo kansu.

Piyanon farko kusan dukkansa itace ne. Gudumomin Cristofori ma takarda ce aka naɗe aka like, aka ɗora 'yar fata a kai. Amma da makaɗa su ka riƙa kiɗa a manyan zauruka, sai su ka nemi amo mai ƙarfi. Amo mai ƙarfi kuwa sai da tsirkiya mai kauri wadda aka ja ta yi tsauri, itace kuma ba ya jure wannan ja, sai ya lanƙwashe. A 1825 wani mutumin Bostan ta Amurka, Alpheus Babcock, ya fito da ƙashin piyano na baƙin ƙarfe zubi guda. A 1826 Jean-Henri Pape na birnin Faris ya kawo dabarar rufe guduma da gashin tumaki da aka danne ya cure, maimakon fata. Da waɗannan aka kai ga irin na yanzu, mai maɓalli 88, farare 52, baƙaƙe 36, da tsirkiyar waya wajen 230. In aka tara ƙarfin jan wayoyin nan duka ya kan kai tan 18 ko fiye, watau nauyin toron giwa uku. Wannan kaya yana kan piyano dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi.

A bayan wayoyin akwai wani faffaɗan allo marar kauri, shi ne ke ƙara amo, kamar yadda ƙwarya da fata ke yi wa goge. Da itacen sifurus a ke yinsa, wani itace marar nauyi na ƙasashen sanyi. Akwatin waje kuwa Ingilishi sun fi yinsa da mahogani, dangin maɗacinmu. Baƙaƙen maɓallai da wani baƙin itace mai nauyi a ke yinsu, shi kuma dangin kanya ne. Farare kuwa itace ne, aka like musu ɓawon hauren giwa a bisa.

A nan ne labarin ya taɓa nahiyarmu. A ƙarni na 19 fatake su kan kawo haure daga Adamawa zuwa Kano, ayari ya ƙetare Sahara da shi zuwa Tarabulus. Amma masu yin piyano sun fi son na Afirka ta Gabas don ya fi taushin yanka. Daga tsakiyar ƙasa mutane ke ɗauko shi a ka, da yawansu bayi ne, tafiyar watanni har bakin teku, a tara a Zanzibar, jirage su kwashe. Wani kaso mai yawa ya kan sauka a waɗansu ƙauyuka biyu na jihar Konetikat a Amurka, inda a ke yanka shi falle-falle. Babban haure guda ya kan rufe maɓallan piyano wajen 45. To, a 1909 kaɗai Amurka ta yi piyano fiye da 360,000. Ko da ya ke ba dukansu ke da haure ba, ku 'yan lissafi ku auna yawan giwayen da su ka faɗi don wannan ciniki. Daga baya roba ta maye gurbinsa, a 1989 kuma ƙasashen duniya su ka haɗu su ka hana cinikin hauren giwar Afirka tsakaninsu. A Ingila dokar 2018 ta hana sayar da kayan haure, amma ta ƙyale abin kiɗan da aka yi kafin 1975 in haurensa bai kai kashi 20 cikin ɗari na jikinsa ba. In kuna so ku gane na haure, ku duba farin maɓalli da kyau: galibi falle biyu ne da ɗan siririn layi tsakaninsu, yana da zane-zane kamar na farce, in ya tsufa kuma ya kan yi ɗorawa-ɗorawa.

Sai batun daraja. Mutane da yawa suna tsammani kome ya tsufa ya yi tsada. Ga piyano ba haka ba ne. An yi su dubu bisa dubu, yawancinsu kuwa in sun shekara ɗari, kuɗin gyaransu ya fi kuɗinsu. Har a 1904 dillalan piyano na Amurka su ka taru a wani gari na bakin teku, su ka tsiba tsofaffi na wani fasali da aka daina yayi, su ka cinna musu wuta, don jama'a su sayi sababbi.

Abu uku ke ba tsohon piyano daraja: hannun da ya yi shi, da hannun da ya kaɗa shi, da yawan kayansa na asali da su ka saura. A 1818 wani piyano na gidan Broadwood na Landan ya isa wurin Beethoven, mashahurin mai tsara kiɗan nan na birnin Biyana, kyauta, a lokacin kunnensa ya riga ya yi nauyi ƙwarai. Daga baya ya shiga hannun wani gwanin, Franz Liszt, yanzu yana gidan adana kayan tarihi na ƙasar Hangari a Budafes. Wani kuma ɗan ƙarami da aka nuna a majigin Casablanca na 1942, an sayar da shi a 2014 a kan dala miliyan 3.4. Katakonsa bai fi na saura ba, labarinsa aka saya.

Mu koma ga na Cristofori. Na Roma tsutsar itace ta yi masa ɓarna. Na Niyu Yok kuwa yana kaɗuwa, amma masu gyara sun sassake shi, har a 1938 aka canja allon amonsa. Saboda haka mai son sanin ainihin aikin Cristofori, sai ya fi samun biyan bukata a jikin sauran biyun. Ashe gyara ma in ya yi yawa ɓarna ne.

Babban abokin gaban piyano shi ne sauyin iska. Kun ga yadda fatar ganga ke saki da damina, ta ɗaure da rani. Haka itace ke kumbura in ya sha laima, ya tsuke in ya bushe. Da damina wayoyi su yi tsatsa, maɓallai su cije, danƙon da aka dafa daga fata ya saki. Da hunturu allon amo ya tsage, turakun da ke riƙe da wayoyi su yi sako-sako, murya ta zube. Masana sun ce laimar da ta fi dacewa ita ce tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari, a Kano kuwa da hunturu ta kan sauka ƙasa da 20. Don haka ne a dā masu aiko da piyano ƙasashen zafi su kan ƙara wa maɓallai ƙusoshi, don ba su amince da danƙo kaɗai ba.

Wanda Allah ya ba amanar irin wannan kaya, ya nisanta shi da taga da rana da wuta, kada kuma ya jingina shi da bango mai laima. Ya riƙa duba shi saboda gara, da asu mai cin gashin gudumomi, da ɓera mai sheƙa ƙarƙashin maɓallai. Haure a goge shi da tsumma mai ɗan danshi, a bushe shi nan take, kada ruwa ya kwanta. Mai ƙashin itace kada a ja wayoyinsa su kai tsaurin na zamani, sai ya karye. Ɗaurin murya aikin gwani ne, kowa ya ce ya iya, a ga aikinsa tukuna. In kuwa tilas ta sa aka cire wani abu na asali, a ajiye shi, a rubuta ranar da dalilin.

To, samari, kun ga akwati guda ya tara itacen dutsen Turai, da ƙarfen maƙera, da gashin tumaki, da hauren giwar Afirka wanda ba za a sāke yanka irinsa ba. In an yar da falle guda, an yar da shi ke nan. Wanda ya tarar da tsohon piyano a makarantarsu ya fara da tambayar wa ya yi shi, a wace shekara, yaya aka yi ya zo nan. Sau da yawa suna da lamba suna nan a rubuce a jikinsa, sai a ɗaga murfi a duba.